Littafin tambayoyin baya ko manhajar waya: wanne za ki saya wa mai shirin JAMB?

'Yar'uwa, kin ce kuɗin abu ɗaya ne a hannunki, ko littafin tambayoyin shekarun baya, ko waya a sa wa yaron manhajar gwajin JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a. Ni duka biyun sun shigo gidana da kuɗina, don haka ba ji na yi ba. Littafin za ki saya.

Shekarar da 'yar farina za ta zana, na shiga kasuwar Sabon Gari na sayo mata guda huɗu, na Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Kafin nan kullum kukanta ɗaya ne, ta buɗe littafin makaranta ta karanta shafi biyar, ta rufe ba ta san me ta karanta ba. Tambaya kuwa ba ta barin mutum ya yi gyangyaɗi, ko dai ka san amsa ko ba ka sani ba. In ta idar da sallar asuba sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina, ta sauko da agogon bango ta jingina shi da buta, ta fara. Malaminsu ya yi musu lissafi: tambaya 180 ce, 60 a Turanci, 40 a kowanne cikin sauran ukun, cikin awa biyu. Ke nan kowace tambaya daƙiƙa 40 take da shi. Da wannan ma'aunin take aiki. Ranakun makaranta darasi ɗaya take ɗauka, tambaya 40, kafin ta yi wanka. Ranar Asabar sai ta haɗa huɗun ta zauna awa biyu cur, ko sallama aka yi ba ta tashi, ni nake amsawa.

Abin da ya riƙe ta har ƙarshe shi ne bangon littafin nan ta ciki. Nan take rubuta kwanan wata da abin da ta ci. Layin farko na Kemistiri 13 ne cikin 40, ranar har hawaye ta yi. Bayan mako uku ya koma 19, sai 24, ya faɗo 21, ya sake hawa. Duk ranar da ta ce ta gaji, ba na yi mata wa'azi, sai in ce buɗe bangon ki duba. Yaro in yana ganin guminsa da idonsa, ba sai an bi shi da faɗa ba. Ta kuma ware wani ɗan littafin rubutu na kurakurai kaɗai. Duk tambayar da ta faɗi sai ta kwafe ta da jan biro, ta nemo dalilin amsar a littafin makaranta, ta rubuta a ƙasa. Makon ƙarshe shi kaɗai ta riƙa bita. Littattafan suna nan har yau, sun kumbura, na Fiziks da tabon shayi a tsakiya, ɗiyar maƙwabciyata ce ke amfani da su yanzu. Ba ruwansu da caji, ba ruwansu da data. An ɗauke wuta, fitila ta ishe ki.

Wayar kuwa ƙanenta na saya wa, kuma har gobe ina jin zafin kuɗin. Ba malalaci ba ne. Amma wurin da tambayoyin suke, nan saƙon abokai yake shigowa, nan bidiyon ƙwallo yake. Sai in leƙa in ga kansa sunkuye in ce karatu yake, ashe tambaya shida ya amsa cikin awa guda. Daga ƙarshe karɓe ta na yi na mayar da shi kan littattafan yayarsa. Abu ɗaya zan yaba wa manhajar, tana saba wa yaro da amsa tambaya a fuskar na'ura lokaci na ƙirgawa a sama, tunda daga 2015 da kwamfuta kaɗai ake JAMB. To wannan ba sai an sayi waya ba. Ki kai shi cibiyar kwamfuta sau biyu ko uku ya taɓa madannai, ya san A da B da C da D na zaɓen amsa ne, N na wucewa gaba, P na komawa baya. In da hali ki yi masa rajistar jarrabawar gwajin da hukumar JAMB ke yi kafin ta gaske, ita ce ta fi kama da ranar.

Ba ki tambaya ba, amma sai na faɗa miki. Ki buɗe littafi a gaban mai shago kafin ki miƙa kuɗi. Akwai masu ɗauko tsohon bugu su sauya masa bango su manna sabuwar shekara. Ki duba ciki ki ga shekarar ƙarshe da tambayoyin suka tsaya. Ki duba bayan littafin, wanda amsarsa harafi ne kawai babu bayani, ki ajiye musu abinsu. Wani kuma hoton kwafi ne da ya dushe, zanen Bayoloji ya zama baƙin tabo. Ko mai kyaun ma ana samun amsar da ba daidai ba a ciki, mun ci karo da su, in yaro ya yi shakka ya kai wa malaminsa. Silabus, wato jerin abubuwan da za a karanta, kyauta yake a shafin JAMB na intanet, kada wani ya sayar miki da shi da tsada.

Waɗanda suka fi ba ni tsoro su ne masu bin yara a guruf-guruf na waya, su ce suna da tambayoyin bana, ko za su ƙara maki bayan sakamako ya fito. Ƙarya ce, kuɗi za su karɓa su toshe lambar. Mafi muni, yaron da ya sa rai da satar amsa daga ranar ya daina karatu. Kuma wajen rajista, da layinsa za a tura lambar NIN zuwa 55019, kada mai shagon kwamfuta ya sa nasa layin. Ki adana sim ɗin nan da kyau, da shi ake duba sakamako.

Ki sayi littattafan huɗu masu bayanin amsa, ki haɗa masa da jan biro da littafin rubutu ɗaya. Canjin da ya rage ki ajiye na zuwa cibiyar kwamfuta. Allah Ya ba shi sa'a, Ya sa ki ga sakamakon da zai faranta miki rai.