Makarantar da na koyi tuƙi a Kano: ajin alamomin titi ne ya biya ni kuɗina

Motar maigidana ta yi wata bakwai a rufe da tamfol a tsakar gida bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ina yawan aikin dare, kuma duk wadda ta taɓa tsayawa a bakin titin Zariya da sanyin asuba lokacin hunturu tana jiran a-daidaita-sahu ta san abin da ya sa wata rana na yaye tamfol ɗin nan na ce sai na iya tuƙa ta. Ƙanena ya ce kada in ɓata kuɗi, zai koya mini a filin ƙwallon unguwa cikin kwana uku, lasisi kuwa ya san wanda zai kawo mini har gida ba tare da na taka ko'ina ba. Na ƙi. Shekara 16 ina karɓar waɗanda aka kwaso daga kan titi, na ɗinke kawuna, na rufe fuskokin waɗanda ba su kai ba. Ba zan hau titi da lasisin da aka saya mini ba.

Makarantar da na shiga tana gabashin birni, shago biyu ne aka haɗe, ɗaya ofis ɗaya aji. Abin da na fara tambaya shi ne ko suna da rajista da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wato Rod Sefti, domin yanzu mai neman sabon lasisi sai ya zo da takardar shaidar makarantar da hukumar ta amince da ita, bayan ya cika darasi 26. Suka nuna mini takardarsu a manne a bango, suka shigar da sunana a kwamfuta ina kallo. Sun yarda na biya kuɗin kashi biyu, wanda ya yi mini sauƙi sosai. Suka kuma taimaka mini na karɓi takardar izinin koyo, aka manna wa motata jan harafin L gaba da baya.

Ranar farko na zo da zumuɗin kama sitiyari, sai aka ce in shiga aji. Raina bai so ba. Mu tara ne a kan benci: samari biyar masu son tuƙin haya, wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari, da mu mata uku. Mai koyarwar wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, tsohon direban babbar mota. Littafin ƙa'idojin hanya da aka ba mu na Turanci ne, amma Baba bai taɓa karanta mana shi ba. Allo ne da shi, da alli, da wasu alamomin titi da ya sa aka yanka masa da kwali aka shafa musu fenti, da ƙananan motocin wasan yara guda shida.

Ya ce mu daina haddar hotuna ɗaya bayan ɗaya kamar karatun aku, mu fara duba siffa da launi. Alama mai zagaye da jan baki hani ce: kada ka shiga, kada ka juya, kada ka wuce gudun da aka rubuta. Mai zagaye shuɗiya umarni ce: bi nan, juya can. Mai kusurwa uku da jan baki gargaɗi ce: akwai kwana a gaba, akwai makaranta, akwai dabbobi, hanya za ta tsuke. Mai kusurwa huɗu kuwa labari take ba ka, inda asibiti yake ko gidan mai ko wurin ajiye mota. Sai biyu da suka fita daban. Alamar tsayawa ita kaɗai ce mai kusurwa takwas, ta ba da hanya kuma ita kaɗai ce mai kusurwa uku da tsininta ke kallon ƙasa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, “Hajiya, idan ƙura ta rufe rubutun, ko kina kallonta ta baya, siffar kaɗai za ta gaya miki me ake nufi.” Tun daga ranar na daina ganin alamomin nan a matsayin ƙarafunan da aka kafa don ado. Da na hau a-daidaita-sahu zan koma gida, har na isa ina karanta su ɗaya bayan ɗaya, kamar yarinyar da ta fara iya haɗa baƙi.

Akwai waɗanda suka ba ni wahala. Lamba a cikin jan zagaye iyakar gudu ce, amma lamba a cikin shuɗin zagaye mafi ƙarancin gudun da aka yarda ka yi ne, kuma sau biyu ina juya su a gwajin da yake mana ranar Alhamis. Haka alamomin mararrabar jirgin ƙasa: mai hoton shinge tana nufin akwai ƙofa, mai hoton kan jirgi tana nufin babu, kai ne za ka tsaya ka duba da idonka. Zanen da ke kan kwalta ma ban taɓa sanin magana yake yi ba. Layin da ke tsinke-tsinke za ka iya ƙetare shi ka wuce na gabanka idan hanya ta yi kyau, wanda ya miƙe babu tsinkewa kuwa katanga ce ko da ba ka ga bulo ba.

Darasin da ya fi zama mini a rai shi ne na shataletale. Baba ya zana da'ira a ƙasa da alli, ya jera motocin wasansa, ya ce kowa ya faɗi wa ke da hanya. Samarin nan duk suka ce wanda ya riga sa kai. Ya girgiza kai ya ce wanda ke cikin shataletale shi ke da hanya, kuma tunda a hannun dama muke tuƙi, ta hagunka zai ɓullo, saboda haka hagu za ka duba ka dakata. Nan ya ba mu labarin ranar 2 ga Afrilu 1972, zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon, da Najeriya ta bar tuƙin hannun hagu da ta gada daga Ingila ta koma dama kamar maƙwabtanta Nijar da Kamaru da Cadi. A lokacin yana yaron mota, ya ce da idonsa ya ga manyan direbobi suna tafiya a hankali kamar masu ɗauke da ƙwai. Ya ce tunda direbobin wancan zamani suka iya sauya hannu a rana ɗaya, babu wanda zai ce masa ɗan Kano ba zai iya daina aron hannu ba.

Ya sa mun haddace iyakar gudu har sai da ta zama kamar sunayenmu: ƙaramar motar gida kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi na gudu. Motar haya ba ta wuce 90 ko a kan tagwayen titin, tirela da tanka kuwa 60. Ya nuna mana lambobi huɗun da ke jikin taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Da na koma gida na duba na motarmu, na tarar biyu daga ciki sun tsufa ƙwarai duk da zanensu bai goge ba, dole na sauya su kafin na fara fita. Lambar kiran gaggawa ta Rod Sefti, 122, sai da ya tabbatar kowa ya sa ta a wayarsa kafin ya bar mu mu fita. A aikina na san abin da minti goma ke yi wa mai zubar da jini, don haka wannan ya ƙara masa girma a idona.

Ɓangaren mota kuwa ban ji daɗinsa kamar na aji ba, kuma gara in faɗa dalla-dalla. Motoci biyu ne kacal, ɗaya kusan kullum tana wurin bakanike. Darasin da aka ce awa ɗaya ne yakan koma minti 35, sauran ya tafi a jiran wanda ke gabanka ya dawo. A allon da ke ƙofarsu an rubuta akwai mace mai koya wa mata, amma har na gama ban gan ta ba, kullum sai a ce ta yi tafiya. Ni ban fasa ba, sai dai ɗaya daga cikin matan da muka fara tare ta daina zuwa saboda mijinta bai amince ba, kuma rabin kuɗinta kawai aka mayar mata. Wannan bai dace ba. Idan babu, a goge rubutun.

Saurayin da aka fara haɗa ni da shi ya iya mota, amma bai iya koyarwa ba. Motar mai giyar hannu ce, idan ta mutu mini wajen sakin kuloci sai ya yi tsaki. Abin da ya fi ɓata mini rai, yana zaune a gefena yana amsa waya, bai ɗaura bel ba, alhali awa ɗaya kafin nan Baba ya gama yi mana bayanin haɗarin waɗannan abubuwa biyu. Rana ta uku na tsayar da motar a gefen hanya na ce ba zan motsa ba sai ya ajiye wayar. Na kai ƙara ofis, kuma in faɗi gaskiya ba su yi gardama ba, washegari suka sauya mini wani mai haƙuri, wanda ya koya mini ribas da fakin tsakanin duwatsu biyu har hannuna ya faɗa. Shi ne ya fara fitar da ni titin Maiduguri da rana tsaka, cikin a-daidaita-sahu da masu kurar ruwa, yana ta maimaita mini: madubi, sigina, sannan juyawa. Ba su taɓa fitar da mu da dare ba, ni kuwa rabin tuƙina na dare ne. Sai da na roƙi ƙanena ya riƙa raka ni bayan sallar isha'i na mako biyu kafin na saba da hasken fitilun da ke tahowa.

Ranar jarrabawa a wurin jami'an duba ababen hawa, wato VIO, an duba idona, aka yi mini tambayoyi, yawancinsu a kan alamomi da wa ke da hanya a mararraba, sannan aka ce in tuƙa. Babu tambayar da ta zo mini baƙuwa. Bayan nan aka ɗauki hotona da zanen yatsuna, aka ba ni lasisin wucin gadi na kwana 60 kafin katin ya fito, rukunin B na ƙananan motoci. Biyu daga cikin samarin ajinmu, waɗanda suka fi ni iya sarrafa mota nesa ba kusa ba amma suke tsallake ajin Baba, sai da suka sake zuwa.

Babbar 'yata za ta cika shekara 18 bayan ƙaramar salla, shekarun da doka ta yarda a ba mutum lasisi. Na riga na je na yi mata magana a makarantar nan, da sharaɗi uku da na sa suka rubuta a bayan rasit: za ta zauna ajin Baba daga farko har ƙarshe, wanda ya ƙarasa koya mini ne zai koya mata, kuma duk ranar da darasin mota bai cika awa ɗaya ba za a biya ta sauran mintocin a wata rana.