Wa Za Ka Ɗauka Ya Taya Jinyar Tsoho Mai Makyarkyata A Ƙauye?

Ciwon makyarkyata, wanda likitoci ke kira Parkinson, jinyarsa ta shekaru ce. Wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin ne ke mutuwa a hankali, kuma har yau maganin asibiti sassauta alamomin yake yi, ba ya tsayar da ciwon. Muhammad Ali, duk da dukiyarsa da likitocin Amurka, an gano masa shi a 1984, da shi ya rayu har ya rasu a 2016. Don haka in za ka ɗauki mai taya jinya, kada ka auna shi da halin da tsohon yake ciki yau, hannu ɗaya ke rawa kuma yana dogara sanda ya je masallaci. Auna shi da gaba, ranar da sai an ɗaga shi daga shimfiɗa, an kai shi bayan gida, an yi masa tsarki, an ba shi kunu da cokali. Mai ciwon mantuwa ma kusan nan ake ƙarewa.

Mahaifinmu, da wannan ciwo ya kama, yana ƙauye a ƙasar Ringim. Mu maza neman abinci ya kawo mu Kano, mata suna ɗakunansu, Inna kuwa ita ma ƙafa ta hana ta sakat. Gidaje da yawa haka suke, kuma kusan mutanen da ake kawo maka shawararsu ba sa canzawa.

Na farko almajiri. Aike da ɗebo ruwa zai yi, amma yaro ɗan shekara goma sha biyu ba zai tare dattijo in ya tafi luu zai faɗi ba, kuma ɗora masa wannan nauyi zalunci ne. Sai 'yar aikin da dillaliya ke kawowa: rabin kuɗin a hannun dillaliyar yake tsayawa, da Sallah ta matso ko damina ta faɗi a zo a ɗauke ta, ka koma neman wata. Matar ɗa kuwa, a ƙyale ta da girki da wanki, ya ishe ta. Babu surukar da za ta yi wa uban mijinta tsarki, shi ma gara ya kwana cikin fitsari da ya kira ta. Kamfanonin jinya na birni ba na ɗan ƙauye ba ne, kuɗin motar ma'aikacinsu kaɗai ya kai albashin wani. Cikakkiyar nas mai lasisi ta fi kowa sanin aikin, sai dai samun wadda za ta bar Dutse ko Kano ta tare a gidan da babu lantarki abu ne mai wuya, kuma yawancin aikin yini bai kai ga nas ba.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa kafin in zo kan zaɓina shi ne ɗan uwa na jini da ake biya: gwaggo ko bazawarar da 'ya'yanta suka girma in mara lafiyar mace ce, ƙane ko ɗan wa in namiji ne. Akwai tausayi, akwai sirri, tsoho ya saba da fuskar. Aibinsa guda, kuma babba ne: ba ya koruwa. In ya yi sakaci ba ka iya yi masa faɗa, in ka yi magana a ce ka raina zumunci don kana turo kuɗi. Ni a wurina ɗan uwa na kwanan dare ne, a matsayin mataimaki.

Zaɓina shi ne malamin asibiti ɗan yankin, wato matashi ko matashiyar da suka gama makarantar koyon aikin lafiya, irin ta Jahun ko Bebeji ko ta cikin Kano, gwamnati ba ta ɗauke su ba tukuna. Suna nan da yawa. Je ka ƙaramin asibitin mazaɓarku, za ka tarar da su suna aikin sa-kai, ana kiransu ranar rigakafi ana ɗan ba su na sabulu. Babban kwas ɗin shekara 3 ne, ƙaramin shekara 2, kuma an horar da su ne musamman don aikin karkara. Sun iya awon jini, sun iya wanke ciwo, sun iya karanta katin likita, kuma an koya musu inda iyakarsu take, wato lokacin da za su ce wannan ya fi ƙarfina, a tafi babban asibiti. Ga shi ɗan gari ne, an san gidansu, an san ubansa, in ya yi ba daidai ba akwai wanda za a kai wa ƙara.

Abin da ya fi sa na fifita shi shi ne agogo. Babban maganin wannan ciwo, levodopa, wanda aka fi sani da sunan Sinemet, aikinsa na 'yan awoyi ne a jiki. In lokacin sha ya wuce, tsoho sai ya sandare, ƙafa ta ƙi ɗaguwa, murya ta shige ciki. Mutanen gida kuwa da lokutan sallah suke lissafi, "bayan Azahar" na iya zama ƙarfe biyu yau, gobe ƙarfe uku da rabi. Malamin asibiti ƙararrawa yake sawa a waya, ya rubuta a littafi. Shi ne kuma zai fahimci dalilin da ya sa likita ya ce a raba ƙwayar da abinci mai gina jiki: nono da wake da nama suna rage yadda maganin ke shiga jiki, don haka ba a kora shi da fura da nono, a kan ba da shi kamar rabin awa kafin cin abinci in likita bai ce wani abu daban ba. Ka yi wa Inna wannan bayani sau goma, gobe da furar za ta ba shi, don a ganinta ba a shan magani ciki wayam.

Na ga aikin malamin asibitin da muka ɗauka wata safiya a bakin ɗakin Baba. Ya taso zai fito, yana isa dokin ƙofa ƙafafunsa suka manne da ƙasa, jiki ya karkata gaba. Da mu ne, hannu za mu kama mu ja, kuma haka ake faɗuwa. Shi kuwa sai ya tsaya a gefensa, ya shimfiɗa sandar a ƙasa a gabansa, ya ce, "Baba, a tsallake wannan. Bismillah, ɗaya, biyu." Ya ɗaga ƙafa ya tsallake, tafiya ta warware. Kafin haka ma ba ya bari ya miƙe kai tsaye daga kwance, sai ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci, saboda jinin masu wannan ciwo yakan yi ƙasa in sun tashi da sauri, jiri ya kwashe su. Wajen abinci a zaune sosai yake ba shi, kunu mai ɗan kauri, loma ƙanana, kuma ba ya kwantar da shi sai an jima, don ƙwarewa da abinci ita ke kai shi huhu ta zama ciwon haƙarƙari, wanda yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu makyarkyata. In jiki ya kai ga kwanciya, juyi duk bayan awa 2 da duba ƙugu da dunduniya shi ke hana gyambon kwanciya. Waɗannan ba ilimi mai zurfi ba ne, amma sai wanda aka koya wa.

Yana da nasa aibin. Ranar da takardar ɗaukar aiki ta fito zai tafi, kuma ba ka da bakin hana shi. Shi ya sa tun makon farko za ka haɗa shi da ɗan uwan nan mai kwana, ya koya masa komai. Kuma mace ga mace, namiji ga namiji. Wannan ba abin ciniki ba ne.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne. Farar riga a kasuwa ake sayar da ita, abin awon jini ma haka. Kafin mu dace, an kawo mana wani da ake kira "dakta", wai ya yi aiki a babban asibiti, ashe shagon kemis ya taɓa tsarewa. Ba ya zuwa sai da ledar ƙarin ruwa da allura. Kowane zuwa a rataya ruwa a ƙusar bango, a caji kuɗi, mutanen gida suna murna ana aiki. Ƙarin ruwa ba ya yi wa makyarkyata komai. Mafi muni, da ya ga tsoho ba ya barci da dare yana cewa yana ganin mutane a ɗaki, sai ya fara ɗirka masa allurar kwantar da masu taɓin hankali. Rawar hannu ta ragu, gida ya yi shiru, aka ce an samu sauƙi, alhali mutum ya zama kamar itace, ko yawu ba ya iya haɗiyewa. Da muka kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kano, tambayar farko da ya yi ita ce me ake ba shi a gida. Magunguna irin su haloperidol da chlorpromazine, har da na amai irin metoclopramide da Stemetil, toshe aikin dofamin suke yi, su ƙara tsananta ciwon. Rubuta sunayen nan ka manna a bangon ɗakin.

Saboda haka ka nemi takardar gama makaranta da lasisin hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya na al'umma rajista, ka ɗauki hotonsu a waya, ka je wurin shugaban ƙaramin asibitin da ya ce yana taimakawa ka tambaya ido da ido. Wanda ya ce takardunsa suna wurin yayansa a Kaduna, sallame shi. Wanda ya ce zai warkar da ciwon, sallame shi. Wanda ya ce a bar maganin asibiti a gwada nasa, ko na turawa ne ko na gargajiya, wannan ka raka shi har bakin titi, domin yanke levodopa farat ɗaya na iya jefa mara lafiya cikin mummunan hali. Masu cewa sammu ne ko jifa, a kawo baƙin rago da kuɗin turare, su ma da rawar hannun tsofaffi suke cin abinci. Addu'a da tofi kowa na yi, kuma ba su hana shan ƙwaya.

Kada kuma mai jinya ya zama shi ne mai sayen magani. Ƙwayar tana da tsada, ba kowane kemis na ƙauye ke da ita ba, kuma nan ne hannu ke shiga: a karɓi kuɗin wata guda a sayo na mako biyu, ana ba da rabi-rabi, ko a sayo jabu a teburin kasuwa. Saya da kanka a babban kantin magani ko a asibitin da ake ganin likita, ko na Malam Aminu Kano ne, ko na tarayya da ke Birnin Kudu, ko na Rasheed Shekoni a Dutse. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka ƙirga ƙwayoyin, in ka zo gida ka sake ƙirgawa ka gwada da littafin. Tsohon da fuskarsa ta daina motsi, muryarsa ba ta fita, ba zai iya faɗa maka an cuce shi ba. In ka zo, zo ba tare da sanarwa ba, ka ɗaga riga ka duba bayansa, ka shinshina katifar.

Maganar kuɗi a yi ta a gaban mai unguwa ko liman, a rubuta. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne; a ƙauye ba kasafai ake kaiwa nan ba, amma ka san da shi kafin ka yi tayin da zai sa mutum ya fara ƙyalla ido kan kwalin magani. 'Yan'uwa su raba nauyin tun farko, wanda ba shi da kuɗi ya kawo gero ko ya ɗauki kwana. Kada a ba da kuɗin watanni gaba, a yi makon gwaji tukuna kana nan kana kallo. A fayyace ranar hutunsa da wanda zai tsaya a madadinsa. Sannan a tambaye shi ƙarara ko yana da gona, domin in ruwa ya sauka a watan Yuni, mai gona ba zai zauna gadin maganin ƙarfe biyu ba, sai dai in an yarda tun yanzu cewa ku za ku biya masa 'yan ƙwadagon noma.