Na'urar zuƙe danshi: ta yi wa mai gida a Legas, a Zariya kuwa da sauran magana

Bazazzagin da aiki ko fatauci ya kai Legas, Fatakwal ko Kalaba, abu na farko da ke ba shi mamaki ba yawan ruwan sama ba ne, yadda kaya ke lalacewa a rufe ne. Takalmin fata ya yi fumfuna a cikin kwalinsa, babbar riga mai aiki ta fito daga sif tana warin ruma, littattafai su kumbura, shafi ya manne da shafi. A can danshin iska yakan wuce kashi 80 cikin 100 a yawancin watanni, ita kuwa fumfuna da zarar danshi ya zauna sama da kashi 70 ta samu wurin zama. Wannan ne ya sa masu shagunan kayan wuta ke tallata na'urar zuƙe danshi, wadda suke kira dihumidifaya. Mun duba mai lita 20, wato wadda aka ce tana zuƙe ruwa lita 20 a kwana guda. Tana aiki, amma ba duk aikin da ake jingina mata ba.

Cikinta tamkar na firji ne. Fanka na jawo iskar ɗaki ta bi ta kan bututai masu sanyi, ruwan da ke cikin iskar ya taru ya ɗiga cikin roba, iskar ta fito a bushe da ɗan ɗumi. Lita 20 ɗin da aka rubuta a jikin kwali yawanci an auna ta ne a zafin digiri 30 da danshi kashi 80. A ranar farko a ɗakin da ya jiƙe za ka ga ruwa kamar wasa, amma da ɗakin ya fara bushewa abin da take tarawa zai ragu sosai, kuma wannan ba lalacewa ba ce. Robar ruwan kuwa ƙarama ce, lita 3 zuwa 6, da ta cika injin ya tsaya da kansa. Wanda zai bar gida ya taho Zariya hutun sallah, lallai ya sayi mai kafar tiyo a baya, ya zura tiyon zuwa magudanar banɗaki, ya tabbatar tiyon na gangarawa ƙasa ba tare da ya lanƙwashe ba. In ya lanƙwashe, ruwan komawa yake yi ya malale a ƙasa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kunna ta a ɗakin da ba a wanke ba. Ba ta kashe fumfunar da ta riga ta kama bango, hana sabuwa tsirowa kawai take yi. Sai a fara janye sif da gado daga jikin bango, a bar tazarar kamar faɗin tafin hannu, a fitar da katifa da kafet rana. A kan tayil da siminti da bangon fenti mai sheƙi, a zuba kofi ɗaya na bilic irin su Hypo ko Jik a ruwa lita 4, a shafa, a bar shi minti 10, a goge da burushi, a ɗauraye. A sa safar hannu da takunkumi, tagogi a buɗe. Katako da fata ba sa son bilic, ruwan khal ya fi dacewa da su, a goge a shanya a inuwa. Amma uwargida ta kiyaye: kada a taɓa haɗa bilic da khal ko da ruwan wanke masai a bokiti ɗaya, iskar da ke tashi guba ce mai ƙona huhu. Silin ko katifar da baƙin ya ratsa har ciki, wanki ba ya ceto su, sai canji.

Bayan ɗaki ya bushe sai a rufe tagogi da ƙofa ruf a kunna. In taga na buɗe, iskar unguwa gaba ɗaya kake ƙoƙarin busarwa. A saita ta a kashi 50 zuwa 55, a bar tazarar santimita 30 tsakaninta da bango, a buɗe ƙofofin sif don iskar ta ratsa kaya. Ragar da ke bayanta a wanke duk sati biyu da ruwa zalla, a bari ta bushe kafin a mayar. Sabuwa kuma, ko wadda aka ɗauko a kwance a mota, a tsayar da ita wasu awanni kafin a jona, don man injin ya koma mazauninsa.

Inda ta fi ba da ciwon kai shi ne wuta. Tana cin wat 300 zuwa 400, wato awa 8 kusan yunit 3 ke nan a mita. Lokacin tashi tana fizgar wuta fiye da haka, shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa, inbatar da ba ta da ƙarfi kuma ta yanke. Wutar da ke hawa da sauka ita ce ajalin kwamfuresa, wato injin da ke sanyaya bututanta, don haka sitabilaiza ba ado ba ne. A nemi wadda ke jinkirta kamar minti 3 kafin ta sake tashi bayan an ɗauke wuta an dawo da ita, kuma ta riƙe saitinta. Maras wannan, in NEPA ta ɗauke sau ɗaya, sai ta zauna shiru har ka dawo daga tafiya. Tana ƙara wa ɗaki ɗumi, tana kuma da ƙugi irin na firji, mai saurin farkawa ba zai so ta a ɗakin barci ba. Mai AC da ke aiki kullum ma ba lallai ya buƙace ta a ɗakin ba, don AC ɗin na zuƙe danshi daidai gwargwado. Ruwan da ta tara a yi goge-goge da shi, ba na sha ba ne.

Akwai abu biyu da ba ta iyawa. In bango na naso daga ƙasa, fenti na ɓarewa daga gindi zuwa tsayin ƙugu, ga farin gari kamar kanwa yana fitowa, ruwan daga tushen gini yake hawowa, ko bututu ne ya fashe a ciki. Wannan aikin magini ne da mai gyaran famfo. Na biyu, tsatsa. A unguwannin da ke kusa da teku irin su Lekki da Apapa, gishirin iska ne ke cin ƙarfen taga, ƙofar gida da injin AC na waje. Maganinsa a riƙa ɗauraye su da ruwan famfo, a kankare tsatsar da burushin waya, a shafa jan fenti na hana tsatsa kafin fentin sama, a ɗiga wa makullai mai.

A Zariya lissafin ya sha bamban. Danshinmu na watanni kaɗan ne, Yuli zuwa Satumba, ya fi tsanani a Agusta. Daga Nuwamba hunturu zai busar da komai har katako ya tsage, leɓe ya fashe, na'urar ta koma lungu tana shan ƙura. Ga yawancin gidaje a Samaru, Tudun Wada ko cikin birni, gyaran kwano da indararo kafin ruwan fari, da buɗe tagogi in rana ta fito, da ɗora akwatuna a kan katako maimakon daɓe, sun wadatar. Waɗanda za ta biya wa buƙata a nan su ne mai ɗakin littattafai, mai shagon shadda ko kayan fata a Sabon Gari, da ɗakin kayan lefe da ke rufe duk damina. Su ma kafin su biya, su sayi ɗan agogon auna danshi, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, su ajiye shi a ɗakin sati guda a tsakiyar Agusta. In bai wuce kashi 60 ba, su riƙe kuɗinsu.