Injin kwashe dusar ƙanƙara mai aiki biyu: ƙarfinsa da rauninsa

A yankunan da dusar ƙanƙara kan sauka cikin dare ta kai gwiwa kafin gari ya waye, shebur kaɗai ba ya raba gardama. Injin da ya dace da gida mai matsakaiciyar farfajiya shi ne mai faɗin baki inci 24, wato kusan santimita 61, mai shan fetur. Aikinsa kashi biyu ne: murɗaɗɗen ƙarfen da ke gaba yana farfasa dusar ya tattaro ta tsakiya, sai fankar da ke bayansa ta cilla ta waje ta bututu. Idan dusar busasshiya ce, takan yi nisan mita goma ko fiye.

Inda ya fi burgewa shi ne bakin titi, wurin da motar share hanya take tura tarin dusa mai haɗe da gishiri ta toshe ƙofar gida. Ƙaramin inji mai aiki ɗaya a nan yake sarewa. Wannan kuwa, in aka sa shi a giya ta ɗaya aka riƙa cin rabin faɗin bakinsa, yana ratsawa sannu a hankali. Tayoyinsa ne ke jan shi, kai saita shi kawai za ka yi.

Rauninsa jiƙaƙƙiyar dusa ce, mai kama da kunu. Tana manne wa bututun har ya toshe, injin na ta ruri amma ba abin da ke fita. A nan ne mutane ke rasa yatsu. Ko an kashe injin, fankar na iya zabura ta juya da zarar abin da ya tokare ta ya saki, don haka kada a kuskura a zura hannu. Akwai sandar roba da ake maƙalawa a jikinsa domin wannan aikin, ita za a yi amfani da ita.

Ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da murɗaɗɗen ƙarfen an yi su ne don su karye idan ya cafki dutse ko igiya, saboda giyar ta tsira. A ajiye huɗu a gefe. Masu sa ƙusa mai tauri a madadinsu suna ganin dabara suka yi, alhali akwatin giya suke shirin fasawa. A farfajiya mai tsakuwa kuma, a sauke takalman gefe, wato ƙananan madogaran da bakin injin ke zamewa a kansu, yadda bakin zai ɗago kamar santimita 2 zuwa 3 daga ƙasa, in ba haka ba duwatsu zai riƙa harbi da su.

Yawancin ƙorafin cewa ya ƙi tashi, tsohon fetur ne sanadi. Man da ya yi watanni a tanki yakan yi danƙo ya toshe kafireta, shi ya sa ake juye shi a ƙarshen hunturu. Baƙin mai 5W-30 ya fi dacewa da sanyi, a kuma canza na farko bayan awa biyar na aiki. Kada a tayar da shi a rufaffen gareji, hayaƙinsa na kisa.

Yana da nauyi da ƙara, yana kuma cin wuri. Wanda dusar yankinsa ba ta cika wuce santimita 15 ba, ƙarami ya ishe shi. Inda take yawan haura 30, wannan injin ya cancanci kuɗinsa.