Katin zane biyu ko ɗaya mai ƙarfi: wanne ya fi ga ɗan gem?

Masu haɗa kwamfutar gem sun sha yi mini wannan tambaya: a ƙara katin zane (na'urar da ke zana hoton gem a allo) na biyu, ko a sayi ɗaya mai ƙarfi a sabunta furosesa?

Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ita ce ke shirya kowane hoto kafin kati ya zana. Idan ta tsufa, musamman a 1080p (matsakaicin kaifin hoto), sai ka buɗe MSI Afterburner, manhajar da ke nuna aikin kati, ka tarar katunan biyu kowanne na aiki da rabin ƙarfinsa, ita kuwa tana nishi. A 4K, mai kaifin hoto sosai, nauyin ke komawa kan kati.

Kati biyu ba sa ninka gudu. Ma'adanarsu (memori) ma ba ta haɗuwa: 8GB biyu, 8GB ne dai. Ga ɗan tsinkewar hoto, ga zafi, ga cin wuta, wanda mai inbata ya fi kowa sanin zafinsa. Kati ɗaya kuwa, ka soka ka kunna.

Batun ɗorewa ya fi damuna. Tun farkon 2021 Nvidia, mai ƙera katunan zane, ta daina fitar da sababbin saitunan SLI, fasahar da ke sa kati biyu su yi aiki tare a gem, kuma katinta RTX 4090 ya zo ba NVLink, wato mahaɗin da ake jona kati biyu da shi.

Mai tsofaffin gem a 4K, da furosesa mai ƙarfi da kati na biyu a araha, biyun za su yi masa, haka ma mai aiki da Blender, manhajar zanen 3D. Mai sababbin gem, kati ɗaya ya fi masa kwanciyar hankali.