Tsohon Kare Mai Cuta Uku: Wasiƙa Daga Landan Zuwa Gombe

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kowa yana lafiya a Gombe. Tunda ka nemi in ba ka labarin aikin likitan dabbobi a Ingila, ga abin da na gani da idona a gidan tsohuwar da nake jinya, wadda take da wani kare ɗan shekara 13.

Karen ya kama shan ruwa fiye da ƙima, da yawan fitsari, yana kuma ramewa duk da cewa cinsa bai ragu ba. Da a gida ne, da tsufa za a ɗora wa laifi. A nan kuwa likita ta ɗebi jini da fitsari, kafin mu bar asibitin sakamako ya fito: ciwon suga ne, ƙoda ta fara rauni, ga kuma ciwon gaɓoɓin da ya daɗe yana fama da shi.

Gano cututtukan bai ba ni mamaki ba kamar yadda maganin wannan yake tsananta waccan. Meloxicam da yake sha don gaɓoɓi yana iya ƙara lalata ƙoda, sai likitar ta dakatar da shi ta koma allurar Librela sau ɗaya a wata. Magunguna irin su prednisolone kuwa ta hana, domin suna tayar da suga. Hatta abinci sai da aka zauna a kansa, saboda mai ciwon ƙoda yana buƙatar abinci mai ƙarancin sinadarin fosfaras, wanda ba lallai ya dace da mai suga ba. Ta fifita ƙodar, ta daidaita insulin, wato allurar rage suga, a kan haka. Ni nake yi masa allurar sau biyu a rana, awa 12 tsakani: ya ci abinci, in tsunko fatar bayan wuyansa in soka. Kwalbar zuma tana ajiye don shafa masa a dasashi idan suga ya faɗi.

Sai dai duk wannan kuɗi ne. Hukumar NHS, mai kula da lafiyar jama'a a nan, ba ta duba dabbobi, inshora kuma yawanci ba ta biyan cutar da ta riga rajista. Marasa hali suna dogara da ƙungiyoyin agaji kamar PDSA, wadda aka kafa a 1917.

A ganina likitocinmu ba su gaza a ilimi ba, ƙasar da take da cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tun 1924 tana yin rigakafin dabbobi. Abin da ya raba mu shi ne na'urar gwaji a kusa, da wutar lantarki, domin insulin sai a firji. Na tuna karnukan mafarautan unguwarmu, waɗanda ko rigakafin haukan kare ba kowanne yake samu ba. Shin firjin asibitinku ya samu sola kuwa, ko har yanzu ƙanƙara kuke saye?