Wata takwas muna zuwa asibitin da ya ajiye fayil ya kama kwamfuta

Shekara tara ke nan mahaifiyata tana fama da ciwon suga da hawan jini, kuma ni nake kai ta ganin likita duk wata. Wata takwas da suka wuce muka koma wani asibitin kuɗi a nan cikin Katsina, wanda ya daina amfani da fayil ɗin takarda, komai sai a kwamfuta. Zuwa takwas ya isa mutum ya faɗi abin da ya gani.

Fayil ne ya raba mu da inda muke zuwa a da. Sau biyu ana nemansa a ɗakin kati ana rasawa, a buɗe mana sabo, likita ya faro tambaya daga tushe: yaushe ciwon ya fara, wane magani take sha, miligiram nawa. Hajiya kuwa ba ta san sunan ƙwaya ba, sai dai ta ce "farar nan doguwa" da "ƙaramar ta dare". Dole in zazzage ledar maganinta a kan tebur.

A sabon wurin, ranar farko ce kaɗai ta ci mana lokaci. An yi kusan rabin awa ana shigar da bayananta, har da maganin da jikinta ba ya karɓa, sannan aka ba mu lamba. Tun daga ranar lambar nan kawai muke faɗa. Nas za ta auna jininta da nauyinta, ta huda mata yatsa ta duba suga, kafin mu shiga ɗakin likita duk sun riga mu isa gabansa. In ya rubuta gwaji, ba a ba mu takarda, sai mu wuce ɗakin gwaji a kira sunanta. Haka ma ɗakin magani, ba sauran mai harhaɗa magani ya tsaya yana hasashen rubutun likita.

Inda na tabbatar abin ya wuce sauƙin layi shi ne zuwanmu na biyar. Likita ya juyo mana da fuskar kwamfutar, ya nuna mini sakamakon gwajin ƙoda guda uku a jere, na sinadarin kiretinin, wanda yake taruwa a jini idan ƙoda ta rage tacewa. Kowanne in ka ɗauke shi shi kaɗai bai kai abin tayar da hankali ba, amma da aka jera su sai ga layi yana hawa a hankali. Ya dube ta ya ce, "Hajiya, akwai wani magani da kuke sha ban da namu?" Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce, "Sai dai na gwiwa, ɗan nan, wanda ake saya mini a kemis." Ashe dikilofenak take sha kusan kullum, mu da muke gida ɗaya ba mu sani ba. Irin wannan maganin ciwo yana taɓa ƙoda, balle ga mai suga da hawan jini. Aka tsayar da shi, aka canja mata wani, kuma gwajin da ya biyo baya ya nuna abin ya daina hawa. Da takardu ne, ɗaya tana manne a tsakiyar fayil, ɗaya a aljihuna, ta ukun Allah kaɗai ya san inda take, da wuya a haɗa su a ga haka.

Sai ranar da jiri ya kayar da ita a bakin ƙofar ɗaki, aka tura mu hoton kai na CT. Injin yana ɗaukar hoto ta kusurwoyi masu yawa, kwamfuta ce take lissafa su ta fitar da cikin kai yanka-yanka, aikin da aka fara gwadawa a kan maras lafiya a Landan a 1971. Aka tura hoton ta intanet ga likitan da ya ƙware a karanta shi a Kano, kafin magariba amsa ta dawo cewa jini bai zuba ba. Tafiyar kusan kilomita 170 da tsohuwa mai jiri, Allah ya hutar da mu.

To amma ranar da netwok ya ɗauke, na ga ɗaya fuskar. Tun takwas na safe muke zaune har bayan azahar. Ba a karɓar kuɗi, ba a ganin likita, ba a ba da magani, kowa ka tambaya ya ce a jira. Hajiya ta fito ba ta karya ba saboda gwajin sugar safe, har hannunta ya fara rawa, sai da na fita na samo mata koko da ƙosai, gwajin ya tashi a banza. Asibitin da ya ɗora komai a kan kwamfuta, a ƙasar da kowa ya san halin wutarta da sabis ɗinta, bai kamata a ce ba shi da fom ɗin takarda da zai fito da shi a irin wannan rana ba.

Akwai kuma abin da Hajiya ta fi ni lura da shi. Wani likita da muka gani sau biyu, tun shigarmu har fitarmu idonsa na kan allo, yatsunsa na dannawa. Da muka hau Keke Napep ta ce mini, "Yaron nan ko kallona bai yi ba." Ta ji zafin abin, ni ma na ji, domin mutuniyar da ta saba a gaishe ta a tambayi jikoki ba za ta buɗe baki ta faɗi damuwarta ga wanda bai ɗago kai ba. Wanda ya gano zancen dikilofenak ai sai da ya dube ta ya tambaya.

Kwamfutar wurin karɓar kati ma tana fuskantar layi, duk wanda ya tsaya a baya zai iya karanta ciwon na gabansa. Dokar kare bayanan jama'a da Najeriya ta kafa a 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta sirrinsu. Na yi wa ma'aikatan asibitin magana, kuma a zuwanmu na baya na tarar sun juya kwamfutar.

Ga mai ciwon da ake bibiya wata-wata, zan ce ya gwada irin wannan asibiti, ko da kuɗinsa ya ɗan fi. Sai dai ya sani bayanan ba sa bin sa ko'ina. Da muka je biki Daura sugarta ta tashi cikin dare, asibitin can ba su da hanyar ganin ko layi ɗaya daga abin da aka tara a Katsina, muka koma zazzage leda. Yanzu duk zuwa nakan roƙi a buga mini jerin magungunanta da sakamakon gwaji na ƙarshe, in ninke takardar in saka a jakarta, a aljihun da take ajiye carbi.